Yadda Ake Gano Ciwon Hitar Gas, a Gyara Ta Kafin Sanyin Asuba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, wayata ba ta hutawa bayan sallar isha'i. Ko daga Hanwa aka kira, ko Basawa, ko wajajen Shika, maganar kusan ɗaya ce: jiya aka kawo 'yan tsaki, hita ta ƙi kamawa, ko ta kama ta mutu, ga iskar hunturu tana kaɗa tamfol. Ɗan tsakon kwana biyu yana son zafin digiri 32 zuwa 35 a makonsa na farko, sanyin asubar Zariya kuwa ba ruwansa da kuɗin da ka zuba. Hitar da nake magana a kanta ita ce mai faifan tangaran ko ragar ƙarfe da ake ratayewa a ɗakin kaji, da 'yar'uwarta mai akwati da ake turawa falo. Kayan cikinsu kusan ɗaya ne, haka ma ciwonsu.

Gas hanya ɗaya yake bi: daga tukunya zuwa regileta, wato kan da ake ɗaura wa tukunyar, ya bi tiyo, ya shiga bawul ɗin da makunni yake kai, ya fita ta jet, wato 'yar noti mai ƙaramar huda, ya gauraya da iska a cikin wani bututu, sannan ya ci wuta. Mai gyara shi ma wannan hanyar zai bi, a jere. Yawancin hitocin da ake kawo mini a kwance cikin buhu, kusoshinsu a leda, ba su da laifin komai. Ciwon yana can jikin tukunyar da aka baro a gida.

Ka tanadi sifana ƙarama, sukundireba, filaya, tsohon buroshin haƙori, samfefa mai laushi, famfon keke, ruwan omo a kofi, da tocila. In akwai mita irin ta masu gyaran rediyo, to madalla.

Kafin ka taɓa komai, ka shinshina

Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa, wani sinadari ake zuba masa mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama shi. In ka shiga ɗakin ka ji wannan ɗoyin, ka rufe tukunya, ka buɗe ƙofa da tagogi, ka yaye tamfol. Kada ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada ka ƙyasta komai. Ka tuna gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, daidai inda 'yan tsaki suke, daidai inda mai kwana a tabarma yake. Don haka shinshinawa a tsaye ba ta wadatar ba, sai ka durƙusa. Sai warin ya wuce sarai za a fara aiki, kuma a fili za a yi shi, ba cikin ɗakin kaji ba.

Tukunya

Girgiza tukunya ba awo ba ne. A wuyanta ko gindinta akwai lambar da aka buga bayan haruffan TW, nauyinta ke nan in babu komai a ciki. Ka ɗora ta a sikeli ka cire. In an rubuta 13.5, sikeli ya nuna 15, kilo ɗaya da rabi ya rage maka. Hitar falo mai ƙarfin kilowat 4.2 tana shan kusan giram 300 a awa in an ƙure ta, wato tukunyar kilo 12.5 za ta yi awa 40 da 'yan kai. Mutane da yawa suna auna hita da murhun girki, wanda yake kai musu wata guda ko fiye, sai su rantse an cuce su a wurin ɗuri. Wani lokacin an cuce su ɗin, amma ka fara yin lissafin.

Akwai kuma abin da hunturu ne kaɗai yake fito da shi. Abin da ke cikin tukunya ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya fito, kuma zafin da zai tafasa da shi daga jikin ƙarfen yake jawo shi. Gas ɗin haɗi ne na furofen da buten. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, buten kuwa sai wajen sifili. In hita tana jan gas da ƙarfi daga ƙaramar tukunya, mai kilo 3 ko 6, cikin daren sanyi, tukunyar sai ta yi ta hucewa har ta fara gumi, ƙarfinta ya faɗi, wuta ta yi ta lanƙwashewa wajen ƙarfe uku na dare. Da rana ka gwada ka ga lafiya lau, ka ce aljanu ne. Shafa gefen tukunyar: in ta jiƙe kuma ta yi sanyi ƙarara daga ƙasa zuwa wani layi, ka kama ɓarawon, layin nan ma shi ne iyakar gas ɗin da ya rage. Maganinsa babbar tukunya, kilo 12.5 zuwa sama, a ɗora ta kan katako maimakon dandariyar siminti, a kare ta daga iska. Kada a matsa da ita kusa da wuta, kada a kwantar da ita a gefe don wai ta ƙarasa fitowa. Tukunyar da aka kwantar ruwan gas take turowa cikin tiyo, shi kuwa in ya isa bakin wuta tashi yake yi sama da kai.

Regileta da tiyo

Cire regileta ka leƙa bakin tukunya da tocila. Akwai wata 'yar roba zagayayya a ciki. In ta tsage, ko ta taurare, ko ta faɗi a wurin ɗuri, gas zai riƙa tsiyaya ta wuyan, ka ji 'yar ƙara "sss". Masu ɗuri suna da ita, kuɗinta bai kai na lemon kwalba ba. Leda ko zaren tef da wasu suke cusawa a madadinta ba gyara ba ne.

Sai ka karanta lambar da ke jikin regileta ka haɗa da wadda ke jikin farantin hita. Hitar falo da wasu na kaji suna aiki da ƙaramin ƙarfi, milibar 28 zuwa 30, wasu 37. Wasu hitocin kaji kuwa babban ƙarfi suke so, regiletarsu mai murɗawa ce. In ka sa wa mai son babban ƙarfi regiletar kicin, za ta kama amma faifan ba zai yi ja ba. In ka juya, ka ba mai son ƙarami babban ƙarfi, wuta za ta riƙa tsalle daga jikin faifan tana gurnani, kuma kana iya lalata bawul ɗin. Wannan kuskuren na fi gani ga waɗanda suka sayi hita ta hannu ba tare da kanta ba.

Wasu regiletocin suna da abin da yake toshe hanya in gas ya fita da gudu lokaci ɗaya. In an sauya tukunya sai wuta ta dawo 'yar mitsitsiya, ka rufe komai, ka cire regileta, ka jira minti ɗaya, ka mayar, ka buɗe a hankali hita tana kashe. In kana zargin ta mutu, aro wata mai lamba iri ɗaya ka gwada. Regileta ba a buɗe cikinta a gyara. Wadda ta lalace a fasa ta a yar, don kada yara su tsinto a sayar wa wani.

Tiyo kuwa ka bi shi da hannu daga farko har ƙarshe, kana lanƙwasawa. Zafin Maris da Afrilu yana gasa roba, ɓera yana gwaguyarta, wani lokacin ma buhun abinci aka ɗora a kai ya matse. Tiyon gas na kirki akwai shekarar da aka yi shi a rubuce a jikinsa, in ya kai shekara 5 ya gama aiki ko da ido bai ga tsaga ba. Mesar ban ruwa da tiyon awon magina ba na gas ba ne, ko da sun shiga daram. Kowane baki a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe mai kusa, ba waya ba. Bayan ka ɗaure, buɗe tukunya hita tana kashe, ka shafa kumfar omo a wuyan tukunya da bakunan tiyo biyu. Inda kumfa ta riƙa kumbura tana haihuwa, nan ne yoyon. Na sha ganin mai gwada yoyo da ashana, kuma na san wanda girarsa ba ta dawo ba har yau.

In ta ƙi kamawa sam

Danna makunni ka kasa kunne. In ba ka ji gas yana fita ba, kuma ka riga ka wanke tukunya da regileta da tiyo daga zargi, jet ne ya toshe, za mu zo kansa. In sabuwar tukunya aka sa ko sabon tiyo, iska ce a ciki, sai ka danna na ɗan lokaci ta fice. Kada ka yi ta dannawa kana ƙyastawa ba hutu. In ka gwada sau biyu ba ta kama ba, ka dakata minti biyar gas ɗin da ya taru ya watse.

In gas yana zuwa, gwada kunna ta da doguwar laita. Ta kama? To laifin na maƙyasti ne. Duba shi a inuwa: ya kamata tartsatsi shuɗi ya yi tsalle daga bakin 'yar ƙusar maƙyastin zuwa ƙarfen da ke gabanta, tazarar milimita 3 zuwa 4. Goge bakin da samfefa, daidaita tazarar da filaya a hankali, duba ko wayar ta zare. In farin tangaran da ya rufe ƙusar ya tsage, tartsatsin ta tsagar yake sulalewa, sai sabo. Mai batir kuma a fara da batir. Wannan ciwon ba ya hana kwana, laita tana riƙe ka har gari ya waye.

In ta kama, ka saki makunni ta mutu

Nan ne yawancin kiran dare yake ƙarewa. Kusa da ƙaramar wutar da take kunna babbar, ko a jikin faifan, akwai wani siririn sanda kamar ƙusa, da wayar jan ƙarfe da ta tafi bayan bawul. Masu sayar da kaya suna ce masa tamokoful, ni mai gadi nake ce masa. Ƙarfe iri biyu ne aka haɗa bakinsu. In wuta ta gasa bakin, sai ya haifar da 'yar lantarki, milibolt 25 zuwa 30, wadda take riƙe wani ƙaramin maganaɗisu a cikin bawul, shi kuma ya bar ƙofar gas a buɗe. Iska ta hure wutar, sandan ya huce, maganaɗisu ya saki, ƙofa ta rufe. Shi ya sa ake danna makunni a riƙe: yatsanka ne yake tsare ƙofar kafin mai gadi ya karɓi aiki.

Don haka gwajin farko kyauta ne. Danna har ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 30 cif bayan ta kama, ka ƙirga da baki. Wata Hajiya a Tudun Wada ta aiko a ɗauke ni takanas, tana cewa, "Malam, hitar nan tun da aka kawo ta take wahalar da mu, ko mayar musu za a yi?" Na ce, "Hajiya, a kunna in gani." Jikanta ya danna, wuta ta kama, ya saki nan take kamar ya taɓa garwashi. Iyakar ciwon ke nan.

In riƙewa ba ta yi ba, duba inda sandan yake. Dole wuta ta lulluɓe bakinsa kamar santimita ɗaya. Sau da yawa an buge shi wajen ratayewa ya kauce, sai ka maido shi da yatsa ba tare da ka karya wayar ba. In bakin ya yi baƙi ko ya yi fari da toka, bari ya huce ka goge shi da samfefa sama-sama. Sannan ka bi wayar zuwa bayan bawul, inda ta shiga da 'yar noti. Rufe tukunya, kwance notin, ka goge ɗan kan da ke ƙarshen wayar har ya yi ƙyalli. Lantarkin nan ƙarama ce ainun, tsatsa kaɗan tana tare ta, ɗakin kaji kuwa warin kashin nan mai yaji yana cin jan ƙarfe. Wajen mayarwa ka ɗaure da hannu, sannan ka ƙara kwatar zagaye kacal da sifana. Wanda ya ɗaure shi kamar notin taya ya murƙushe abin da ke ciki. Wasu hitocin an yanka wayar an bi da ita ta wani makashi da yake kashe wuta in hita ta karkace ko ta yi zafi fiye da kima. Bakunan da aka soka a nan ma su kan yi tsatsa, a zare a goge a matse.

Mai mita zai iya yanke hukunci. Sa ta a milibolt na lantarkin batir, baki ɗaya a jikin wayar jan ƙarfen, ɗaya a kan da ke ƙarshe, wani ya gasa bakin sandan da laita. Lafiyayye yakan haura 20 cikin minti guda. In ya tsaya ƙasa da 15, ya gaji. In kuwa ya nuna lafiya, ga shi a goge, ga shi cikin wuta, amma hita tana mutuwa, maganaɗisun cikin bawul ne ya mutu, wannan sai mai gyara ya sauya shi ko bawul ɗin gaba ɗaya.

Akwai dabarar da yaran gona suke yi, kuma sai na faɗe ta don a daina. Na taɓa shiga wani ɗakin kaji na tarar an naɗe makunni da robar tayar keke, a danne. Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Oga, ai haka take ci har safe." Tana ci, gaskiya ne. Amma an kori mai gadi ke nan. Ranar da iska ta hure wutar, gas zai ci gaba da kwarara cikin ɗakin da aka rufe da tamfol, a kan ƙaiƙayi busasshe, har mai tocila ko mai sigari ya shigo da asuba. In tamokoful ya mutu cikin dare kuma babu wani, gara a hura gawayi a waje, a shigo da shi bayan ya ruru, a bar kafar iska, mutum ya zauna gadi.

In tana ci, bayan rabin awa ta mutu da kanta

Hitocin falo da yawa an ƙera ƙaramar wutarsu yadda in iskar shaƙa ta ragu a ɗaki, daga kashi 21 cikin 100 zuwa wajen 18, wutar za ta ɗaga daga kan sandan, gas ya rufe. Hitar da ta yi haka ba ta lalace ba, ɗakin ne ya toshe. Buɗe taga ka sake gwadawa. In a tsakar gida ma tana mutuwa, ƙura ce ta cika 'yar kafar iskar da ke gindin ƙaramar wutar, ka hure ta da famfon keke.

Wuta rawaya, da baƙi a jikin rumfa

Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, faifan tangaran kuma ya yi ja bai ɗaya cikin 'yan mintuna. In ka ga harshe rawaya yana lilo, ko kunkunniya a murfin, ko wani yanki na faifan ya ƙi ja, iska ba ta isa ba ko jet ya ƙazantu. A Zariya dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙurar hunturu, garin abinci, gashin 'yan tsaki. Hitar da aka ajiye tun damina kuwa ka leƙa bututunta, sau da yawa zanzaro ya yi gini a ciki ko gizo-gizo ya yi saƙa.

Rufe tukunya, zare tiyo, bari ta huce. Kafin ka kwance komai ɗauki hotonsa da waya. In akwai matatar iska, 'yar raga ko soso a bakin bututun, cire ta ka kakkaɓe, ka wanke, ta bushe sarai. Bututun ka zura masa buroshi ko tsinke mai tsumma ka hure. Jet ɗin 'yar noti ce ta tagulla mai huda kamar bakin allura. Kwance ta, ka ɗaga ta ga rana: hudar ta fito zagayayya, tas. In ba ta fito ba, hure ta da famfo ta bayanta, ko ka kai wa mai faci ya busa mata iska. In ta ƙi, silin buroshi ko sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi ya isa.

Allura ko tsinken ƙarfe kuwa a'a, kuma da kuɗina na sayi wannan karatun. Shekarar da na fara kiwo na ga wuta ta yi rauni, na sa allurar ɗinki na buɗa hudar. Wuta ta tashi, na ji daɗi na tafi na kwanta. Da asuba na tarar murfin ya yi baƙi ƙirin, 'yan tsaki sun yi laƙwas, wasu ba su tashi ba, ni ma da na ɗan jima a ciki kaina ya riƙa sarawa. Garin neman gira na rasa ido. Hudar an auna ta ne daidai da iskar da bututun zai iya ja. In ta faɗaɗa, gas ya fi iska yawa, ƙonewa ba ta cika ba, sai ya haifar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi, wadda jini yake kamawa fiye da iskar shaƙa sau 200 da ɗoriya. Jet ɗin da aka buɗa ba ya komawa, sai sabo mai lamba irin wadda aka buga a gefensa. Alamar gubar ga mutum ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala. In mutum biyu a ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, a kashe hita, a fita da su iska, a wuce asibiti mafi kusa ko na koyarwa da ke Shika, kada a tsaya neman madara ko manja. Hitar falo kuma ba a kwana da ita a kunne, duk tsananin sanyi.

Faifan tangaran buroshi mai laushi da iska kawai yake so, ban da ruwa. In hita ta yi "fuf" sannan ta kama gurnani daga ciki, wuta ce ta koma baya tana ci a bakin jet. Kashe ta nan take. Ka duba faifan da tocila, galibi za ka ga tsaga ko gefen da ya ɓalle. Siminti da gam ba sa riƙe shi. In ba a samu faifan ba, hitar ta gama yayi.

Bayan ka haɗa komai, sake bin duk mahaɗa da kumfar omo, ka kunna ta a fili minti goma, sannan ka gwada mai gadi: rufe tukunya wuta ta mutu, ka kasa kunne, cikin minti ɗaya za ka ji "ƙas" daga cikin bawul. Sai ka rataye ta da sarƙa, ba igiya ba, a tsayin da takardarta ta faɗa, tukunya tana waje da ɗakin, a bar kafar iska ta sama. 'Yan tsakin za su gaya maka sauran: in sun dunƙule a ƙarƙashinta suna tsiwa, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango baki a buɗe, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, ka rage kamar digiri 3 kowane mako.

In za ka shiga Sabon Gari neman tamokoful, ka tafi da tsohon a aljihu. Tsawonsu ya bambanta, notin ma akwai mai milimita 8 akwai mai 9, kuma ido ba ya rabe su a kan kanta. Ka sayi biyu, da robar bakin tukunya uku, ka ɗaure su a leda ka rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin kajin.